An Yashe Babban Kanal, Amma Ruwa Bai Kai Fangali Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zai ɗan zarce wanda ka saba bayarwa. Ni ba likita ba ne. Shekara 31 na yi ina aikin ban ruwa a yankin Kadawa, ina bin ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, kafin na yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne rasuwar yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, da wata tambaya da ta hana ni barci bayan an share makoki.

Ciwon ya fara kama shi ne wani dare bayan sallar isha'i. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun taki, zufa tana keto masa alhali sanyi ake yi, ga amai yana taso masa. Duk gidan muka ce ƙwannafi ne. Aka jiƙa masa kanwa, aka aiki yaro kemis ya sayo maganin olsa. Ni da bakina na ce masa, "Yaya, ka kwanta ka huta, da safe za ka ji dama." Ba mu kai shi asibiti ba sai kashegari bayan azahar, da muka ga numfashinsa yana sarƙewa. Aka manna masa wayoyin nan a ƙirji, takarda ta fito, aka ɗibi jininsa, likita ya dube mu ya ce bugun zuciya ne, kuma mun makara ƙwarai.

Aka tura mu wani gari inda ake da na'urar buɗe jijiya. Mun sayar da gonar gado kafin kuɗin su cika. Suka zura siririyar waya ta jijiyar hannunsa har zuwa zuciya, suka hura ɗan balan-balan a wurin da ya toshe, suka bar wata 'yar ragar ƙarfe da suke kira sitent don ta tokare hanyar. Likitan da ya yi aikin ya nuna mini hoton a kwamfuta, ya ce, "Baba, babbar hanyar ta buɗe, sai dai jinin bai ratsa naman zuciyar yadda muke so ba." Na gyaɗa kai kawai. Kunnena ya kama rabin farko na maganar, ya saki rabin ƙarshe.

Yaya ya warware. Ya koma kasuwa, ya koma sahun farko a masallaci, har gona yana leƙawa. Wata huɗu yana shan ƙwayoyinsa guda biyar, sannan ya fara tsallakewa, sannan ya ajiye. Da matarsa ta kawo mini ƙara, na same shi a zaure, ya ce, "Haba ƙanena, ba an gyara wurin ba? Wanda ya warke me zai yi da magani? Kuɗin nan gara na saya wa yara masara." Ban matsa masa ba, domin a raina ni ma haka na ɗauka. A wata na goma ciwon ya dawo masa da asuba. Wannan karon ba mu ɓata lokaci ba, amma kwana biyu ya yi Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce mana sitent ɗin yana nan a buɗe lafiya lau. Wata jijiyar ce dabam ta toshe, wadda a hoton farko ɗan ƙunci kaɗan kawai aka gani a jikinta.

Mun yarda da ƙaddara, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma tambayar ta tsaya mini a wuya: me ya sami waccan jijiyar cikin wata goma, ita da ta yi shekara sittin da ɗoriya tana aiki? 'Yata malamar jinya ce. Ita ta riƙa nemo takardun binciken likitoci tana karanta mini da daddare, tana fassarawa, ina tsayar da ita ina tambaya. Abin da na fahimta shi nake so masu karatunka su ji, domin na tabbata akwai gidaje da yawa da ke kan hanyar da muka bi.

Zuciya tana tura jini ga dukan jiki, amma ita kanta da jini take rayuwa, ta wasu manyan jijiyoyi guda uku da suka kwanta a jikinta ta waje, suka rarrabu zuwa ƙanana, ƙananan suka rarrabu zuwa waɗanda ido ba ya gani, waɗanda ƙwayar jini sai ɗaya bayan ɗaya take wucewa a cikinsu. Da 'yata ta zana mini wannan, sai na ga taswirar aikinmu sak: babban kanal, rassansa, sannan 'yan magudanan da ke shiga kowane fangali. Bugun zuciya yana faruwa ne idan wani curin kitse da ya daɗe yana taruwa a cikin bangon jijiya ya fashe kamar maruru, jini ya daskare a bakinsa, gudan ya rufe hanya. A 1980 wani likita a Amurka, Marcus DeWood, ya ɗauki hoton jijiyoyin mutane a sa'o'in farko na ciwon, ya tarar da hanyar a rufe ruf a kusan tara cikin goma na waɗanda aka duba cikin awa huɗu. Tun daga nan hankalin likitoci ya koma kan buɗe hanyar da gaggawa, ko da allurar narkar da gudan jini, ko da balan-balan ɗin da Andreas Gruentzig ya fara amfani da shi a jijiyar zuciya a Zurik a 1977.

Duk wanda ya yi aikin ban ruwa ya san yashe babban kanal rabin aiki ne. Idan ruwa ya yanke na kwanaki, ƙananan magudanai sukan bushe su tsage. Ranar da aka sako ruwa, kan farko yana zuwa da laka da yashi da guntayen kacalla, ya cusa su a 'yan bakunan, wasu gefuna su zabtare, ruwa ya malale inda ba a so. Sai ka ga kanal cike maƙil, manomi kuma yana tsaye a kan fangalinsa busasshe yana kallo. Wannan shi ne rabin maganar likitan da kunnena ya saki. A 1974 Robert Kloner da Charles Ganote da Robert Jennings, a Amurka, suka ɗaure jijiyar zuciyar karnuka sannan suka kwance. Waɗanda aka ɗaure na minti 40, jini ya koma ya ratsa naman. Waɗanda aka ɗaure na minti 90, babbar hanyar ta buɗe amma akwai sashen da jini ya ƙi shiga. Da suka duba da madubin ƙara girma, suka ga siririn shimfiɗin da ke cikin ƙananan jijiyoyin ya kumbura ya yi ƙuraje ya cike hanyar, jajayen ƙwayoyin jini sun cunkushe. Daga baya aka gane fararen ƙwayoyin jini ma suna maƙalewa a wurin, naman zuciya da ya kumbura yana matse su ta waje, ɓurɓushin kitsen da balan-balan ya farfasa yana gangarawa ya toshe su, wasu kuma bangonsu yana yagewa jini ya tsiyaye cikin naman zuciya. A 2017 masu bincike a Landan, a ɗakin gwajin David Attwell, suka nuna a jikin ɓeraye cewa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da suka naɗe ƙananan jijiyoyin kamar zobe, waɗanda ke damƙewa idan jini ya yanke, kuma ba sa saki ko bayan an buɗe babbar hanya.

Jennings ɗin nan da abokin aikinsa Keith Reimer sun ƙara nuna wani abu a 1977 wanda har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi. Naman zuciya ba ya mutuwa a tashi ɗaya. Mutuwar tana farawa daga ciki, tana tafiya waje a hankali, kamar yadda fari ke cin gona daga tudu zuwa fadama. A karnukan da suka gwada, bayan awa uku fiye da rabin kaurin bangon ya tafi, bayan awa shida abin da ya rage kaɗan ne. Mu kuwa mun kwana mun wuni muna jiƙa kanwa.

Wannan ya ba ni amsar raunin da zuciyar Yaya ta fita da shi daga ciwon farko. Bai ba ni amsar jijiya ta biyu ba. Wannan sai da muka kai ga wani aiki da aka buga a 2012 a mujallar Nature, daga babban asibitin Masacusets da ke Boston, wanda Partha Dutta da Matthias Nahrendorf da abokan aikinsu suka yi. Sun ɗauki ɓerayen da jijiyoyinsu suka riga suka tara kitse, suka jawo wa wasu bugun zuciya, suka bar wasu. Bayan makonni, curin kitsen da ke jikin waɗanda suka yi bugun zuciya ya fi girma, ya fi kumburi, ya fi kusa da fashewa, har a jijiyoyin da ke nesa da inda ciwon ya faru.

Yadda abin ke gudana ya ba ni mamaki. Hausa ta haɗa hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa a suna ɗaya, duk jijiya muke cewa, kuma a nan lallai suna da alaƙa. Zafi da firgicin ciwon suna kunna jijiyoyin saƙo, irin waɗanda ke sa gaban mutum ya faɗi. Saƙon yana isa har cikin ɓargo, inda ake ƙera jini. Ɓargo sai ya saki iyayen ƙwayoyin jini, su bi jini su je su sauka a saifa, saifa ta koma masana'anta tana ta fitar da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Jiki yana yin haka ne don alheri, domin su ne ke kwashe mataccen nama a zuciya su share fage a yi tabo. Amma idan suka fito da yawa ba a zuciya kaɗai suke tsayawa ba. Duk inda suka sami curin kitse a bangon jijiya sai su kutsa, su fitar da sinadaran da ke cinye fatar da ta rufe shi, marurun da ke kwance ya nuna. Sun ga irin wannan a ɓerayen bayan shanyewar ɓarin jiki ma. Na tuna yadda ake tara gayya a yashe wuri ɗaya, mutane su yi yawa, su tattake gefen magudanan da babu abin da ya same su.

Na ce wa 'yata, ai ɓera ba mutum ba ne. Ta ce, "Gaskiya ne Baba, shi ya sa aka duba mutane." A Boston ɗin dai, an ɗauki hoton cikin mutanen da ba su daɗe da yin ciwon ba, aka ga saifarsu da ɓargonsu suna aiki fiye da kima. Wani bincike na 2011 da Gregg Stone ya jagoranta ya bi mutum 697 da aka buɗe wa jijiya, har shekara uku. Kimanin ɗaya cikin biyar ya sake samun matsala, kuma kusan rabin matsalolin daga wani wuri ne dabam da wanda aka gyara, galibi wurin da a hoton farko bai nuna wani ƙunci na a zo a gani ba. Da ta karanta wannan na ce ta dakata, na fita tsakar gida na zauna. A Suwidin kuma, inda suke rubuta kowane majiyyaci, sun bi fiye da mutum 97,000 da aka sallama bayan bugun zuciya, suka ga kusan ɗaya cikin biyar ya sake yin wani, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya rasu da ciwon zuciya, tun shekara ba ta zagayo ba. Wannan fa a ƙasar da magani ba ya gagarar talaka.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa kumburin nan da gaske yake ita ce gwajin da Paul Ridker ya jagoranta, wanda aka bayyana a 2017. Mutum 10,061 ne, dukansu sun taɓa yin bugun zuciya, kuma awon jini ya nuna kumburi bai lafa a jikinsu ba. Aka riƙa yi wa wasu allurar da ba ta taɓa kitsen jini ko kaɗan, kumburi kawai take kashewa. Sake kamuwa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Sai dai allurar tana da tsadar gaske, kuma ta ƙara yawan masu mutuwa da cututtukan ƙwayoyin cuta, tunda garkuwar jiki take dannewa. A 2019 Jean-Claude Tardif a Montiriyal ta Kanada ya gwada tsohon maganin ciwon gaɓoɓi mai arha, kolcisin, a kan mutum 4,745, ya ga ragi na kusan kashi 23. Amma wani gwajin da ya fi shi yawan mutane, a 2024, bai ga amfani ba. Na kawo wannan ne da gangan, domin na san halinmu: da an ji sunan ƙwaya sai a nufi kemis. Kolcisin guba ne idan ya ɗan wuce kima, musamman ga mai ciwon ƙoda. Kada kowa ya taɓa shi sai likitan zuciya ya rubuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kariyar da aka tabbatar tana cikin ledar da Yaya ya rataye a ƙusa. Asfirin da abokinsa kulofidogirel suna hana jini saurin daskarewa idan curi ya tsage. Ƙwayar rage kitsen jini da ake sha da dare tana rage kitsen, tana kuma kwantar da kumburin bango, fatar curin ta yi kauri. Sauran biyun suna sauke hawan jini, suna rage wa zuciya gudu da nauyi, ɗaya daga cikinsu ma tana tare saƙon firgicin nan kada ya isa zuciya. Babu ɗaya a cikinsu da mutum zai sha ya ji wani daɗi a jikinsa, shi ya sa ake raina su. Mu mun saba da maganin zazzaɓi, ka sha kwana uku ka miƙe. Ba wanda ya zaunar da mu da Hausa ya ce: ciwon da ya wuce ya bar wuta a sauran jijiyoyi, waɗannan ƙwayoyi su ne ruwan da ake yayyafa mata, kuma ba a daina su don an ji sauƙi. An dai ce ya riƙa shan magani, ya dawo bayan wata uku. Ban ɗora wa kowa laifi ba, na ga yawan mutanen da ke layi a ƙofar likita ɗaya. Amma da na san abin da na sani yau, da kuɗin fanshona zan riƙa saya masa, in tsaya a kansa har ya haɗiye.

Asfirin ɗin nan da muke rainawa, a 1988 an gwada shi a kan mutum 17,187 da ciwon ya kama. Shi kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi 23 cikin ɗari, da aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini ragin ya haura kashi 40. Shi ya sa likitoci ke ba wanda ake zargin ciwon ya kama ya tauna shi nan take, in dai ba ya da gyambon ciki mai zubar jini, kuma jikinsa ba ya ƙin maganin. Amma tauna shi ba ya maye gurbin asibiti. Nauyin ƙirji da ya wuce minti goma sha biyar, da zufa, da ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, a nemi mota ko da tsakar dare ne, a nufi inda ake da na'urar awon zuciya. Mata da masu ciwon suga da tsofaffi sau da yawa ba sa jin zafin ƙirjin ma, sai kasala da haki da tashin zuciya.

Malam Edita, kusan kowane mako ina karanta sanarwar rasuwa a jaridu da Facebook: "bayan gajeriyar rashin lafiya", ko "ya yanke jiki ya faɗi". A zaman makoki kuma sai ka ji ana raɗa cewa jifa ne, ko an sa masa hannu. A namu zaman ma an faɗa, har aka so a ɓata zumunci da wani abokin kasuwancinsa da bai ji ba bai gani ba. Ina roƙon jaridarka ta gayyato likitocin zuciya da ke jin Hausa, muna da su a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su riƙa bayani a shafin lafiya, musamman kan watannin da ke bayan sallama daga asibiti, domin a nan ne ake barin iyali su kaɗai da leda da takardar da ba sa iya karantawa. Ina kuma roƙon masu tsara inshorar lafiya a jihohinmu su dubi waɗannan ƙwayoyi na kullum. Iyalin da suka sayar da gona don a sa sitent ba su da abin sayen magani wata bayan wata, kuma mutum yakan ji kunyar ya sake miƙa hannu ga dangin da suka riga suka yi masa karo-karo.

Akwai wani maƙwabcina, tsohon direban tirela, da aka sallamo shi watanni uku da suka wuce bayan irin wannan ciwo. Ranar da na je duba shi na tarar har ya fara cewa ya ji garau. Na zauna na zana masa kanal da rassansa a ƙasa da tsinke, na ba shi labarin Yaya tun daga daren kanwa. Yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan biya ta gidansa, ya fito da ledar, mu ƙirga ƙwayoyin tare, in sun kusa ƙarewa mu san yadda za a yi tun kafin su yanke.

Ledar Yaya tana nan a ɗakina, da sauran ƙwayoyi goma sha ɗaya na rage kitse a cikinta. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon ma'aikacin ban ruwa,
Kura, Jihar Kano.